Hukuncin Farauta Da Bindiga A Kan Iyakar Nijeriya Da Nijar

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai maharba su sauko da bindigoginsu, samari su kira karnuka, a nufi daji. Haka al'ada take tun daga ƙasar Sakkwato da Katsina da Daura har zuwa Gumel, haka kuma take a Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, gama harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, daji ma ɗaya. Amma a tsakiyar dajin nan akwai iyaka wadda barewa ba ta san da ita ba, shi kuwa maharbi wajibi ne ya san ta, domin jahiltarta takan kai mutum kurkuku.

Asalin iyakar nan yarjejeniya ce tsakanin Ingila da Faransa. Daga shekarar 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta, suka kafa alamomi 148 tun daga wajen kogin Kwara har Tafkin Chadi. Tsawonta kimanin kilomita 1,500 ne. Akwai ƙofofi sanannu da fatake ke bi, kamar Illela, da Jibiya, da Kongolam, da Maigatari, amma mafi yawanta fili ne da gonaki, mutum yakan ƙetare bai ga tuta ba, bai ga ɗan sanda ba. Duk da haka, da zarar ƙafarsa ta tsallaka, hukuncin da ke kansa ya sake.

A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Na farko su ne haramtattu, watau bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, wanda kuwa aka kama da ɗayarsu ba izini, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Na biyu su ne irin na farauta masu cin harsashi, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau adaka ko bindigar toka, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta bisa laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Sa'an nan ba a shigo da bindiga ko a fita da ita sai da izini, ta ƙofar da hukuma ta ayyana.

Lasin bindiga kuwa dabam, izinin farauta dabam. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta ware dabbobin da ba a taɓa su, da waɗanda ba a harbinsu sai da takarda. A Nijar ma dokar 29 ga Afrilu 1998 ta shar'anta izinin farauta, ta hana farautar dare, da ta cikin mota, da ta guba, da cinna wa daji wuta don koro nama. To, abin lura shi ne, takardar kowace ƙasa iyakarta ƙasarta. Lasin da aka rubuta a Katsina ba ya amsa wa mutum tambayar jandarma a Maraɗi, haka na Maraɗi ba ya tsare shi a Jibiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma, wadda ta sawwaƙa zirga-zirga, ta mutane ce, ba ta makamai ba, balle Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Malamai sun san babin farauta a Risala da Muhtasar, sun san sharuɗɗan niyya da ambaton sunan Allah, sun san kuma malaman Malikiyya na baya-baya sun halatta cin abin da dalma ta kashe. Wannan hukuncin nama ne. Hukuncin ƙasa kuwa wani ne. Idan maharbi ya harbi gada ta ƙetare iyaka da rauni, ya bi jininta da bindiga a kafaɗa, naman yana iya zama halal, alhali shi a wajen masu tsaron can baƙo ne mai makami. A zamanin da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, soja ba ya jiran dogon bayani.

Fatake ma suna da rabonsu. Ƙasashen biyu duka suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta ƙayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, a 1989 kuma aka yanke hana cinikin hauren giwa. Saboda haka fatar damisa ko haure a ƙarƙashin kaya yana iya jawo asarar kayan duka.

Kada a ce dokokin nan zalunci ne kurum. A 1996 raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce kimanin 50 ba, su ne kuwa suka rage a Afirka ta Yamma duka. Da aka tsare su, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Saboda haka wanda farauta ta kai shi gefen iyaka, ya tambayi mai gari da sarkin maharba inda alama take tun bai shiga daji ba. Wanda zai ziyarci dangi a ƙetare, ya bar bindiga a gida. Wanda kuwa naman da ya harba ya tsallaka, ya haƙura, ya juya, gama asarar gada ɗaya ta fi sauƙi a kan iyali bisa ga shekaru a kurkuku. Allah Ya kiyaye, amin.