Gano raunin ƙoda da wuri ga masu ciwon zuciya

Kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake zuwa. Saboda haka idan bugun zuciya ya raunana, ko jini ya cunkushe a jijiyoyi ya kasa fita daga ƙodar, sai ta fara gazawa ba tare da majinyaci ya ji komai ba. Maganin sa fitsari da ake ba mai kumburin ƙafa, da ruwan da ake ɗurawa a jijiya kafin ɗaukar hoton hanyoyin jini, da tiyatar zuciya, kowannensu na iya ƙara mata wahala.

Gwajin da likitoci suka daɗe suna dogara da shi shi ne kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ta tace shi. Matsalarsa jinkiri. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya hau, kuma ƙoda na iya rasa kusan rabin ƙarfinta alhali sakamakon na nuna lafiya lau. A jikin tsoho ramamme, wanda tsokarsa ta zube, ya fi yin yaudara. Sau da yawa ihu ne bayan hari. Wannan ya sa aka nemi wasu alamomi. Sistatin C bai dogara da yawan tsoka ba, don haka ya fi faɗin gaskiya a irin wannan jiki. NGAL kuwa furotin ne da ƙodar ke saki da zarar ta ji rauni. A wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2005, an bibiyi yara 71 da aka yi wa tiyatar zuciya a birnin Sinsinati na Amurka. Su 20 ƙodarsu ta taɓu, kuma NGAL ɗinsu ya hau cikin awa 2, alhali kiriyatinin sai bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Masu shakka suna da hujja. Binciken AKINESIS na 2016 ya nuna cewa ga manyan da aka kwantar saboda gazawar zuciya, NGAL na jini bai fi kiriyatinin ba, ga shi kuma yakan hau idan ƙwayoyin cuta sun shiga jiki. Sistatin C ma ciwon maƙoƙo da magungunan sitiroyid suna jirkita shi. Wannan ya nuna ba kowane majinyaci gwajin ya dace da shi ba, amma bai soke amfaninsa ba inda aka san lokacin haɗari, kamar bayan tiyata. A birnin Munsta na Jamus, a 2017, an ware masu haɗari da wani gwajin fitsari makamancin wannan, aka tsananta kula da ruwan jikinsu da ƙarfin jininsu, aka janye magungunan da ke cutar ƙoda. Raunin ƙoda ya sauka daga kusan kashi 72 zuwa 55 cikin 100.

Sai batun tsada, domin sababbin gwaje-gwajen ba su wadata a asibitocinmu ba. To amma abin da ya ceci ƙodar a Munsta matakin gaggawa ne, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi kamar wankin ƙoda. Duk mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nemi a auna masa kiriyatinin tun yana da sauƙi, don a sami abin kwatantawa idan ciwo ya tashi. Ya lura da raguwar fitsari, kuma ya daina sayen diklofenak ko ibuprofen a kemis sai da izinin likita.