Injin da ya lashe tsere 155: Yadda ake farke shi, a sake haɗa shi, a horar da shi

A ranar 4 ga watan Yunin 1967, kamfanin Lotus ya shiga gasar tseren motoci ta Formula 1 a filin Zandvoort na ƙasar Holan da motoci biyu, kowace ɗauke da sabon injin da ba a taɓa yin tsere da shi ba.

Graham Hill ne ya fara shigewa gaba, amma bai yi nisa ba haƙoran wani giya da ke juya kamshaf suka karye, motarsa ta mutu. Abokin aikinsa Jim Clark, wanda ke tuƙa mota mai inji iri ɗaya, shi ya zo na ɗaya.

Sunan injin Cosworth DFV. Injiniya Keith Duckworth ne ya zana shi, kamfanin Ford ya zuba fam 100,000 a aikin, aka ƙera shi a garin Northampton na Ingila. Daga wannan rana zuwa 1983, shi da dangoginsa sun lashe tseren Formula 1 har 155, kuma direbobi sun ɗauki kambun duniya sau 12 da shi.

Har yau ana jin kukansa a gasannin tsofaffin motocin tsere da ake yi a filaye irin su Silverstone da Brands Hatch da titunan Monako. Abin da ya sa ya kai wannan shekaru yana aiki shi ne, ana farke shi ɗaiɗai lokaci zuwa lokaci, a sake haɗa shi, sannan a horar da shi kamar sabo.

Me ya sa ake farke injin da bai lalace ba?

Mai motar haya ko ta gida ba ya sauke inji sai ya ga hayaƙi, ko inji ya fara shan baƙin mai, ko kuma ya buga. A harkar tsere, wanda ya jira haka ya makara.

Motar gida tana tafiya a kan babban titi injinta na juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Shi kuwa DFV, mai silinda takwas da bawul 32, tun farkon fitowarsa yana kai juyi 9,000 a minti, yana ba da ƙarfin dawakai kusan 400. A gasannin tsofaffin motoci na yanzu ana taƙaita shi a juyi 10,000 don ya daɗe. Ko a hakan, kowane fistin yana hawa ya sauka kusan sau 167 a daƙiƙa ɗaya.

Ƙarfen da ake ja ana dannawa haka yana gajiya. Tsaga takan fara a wurin da ido ba ya gani, ta riƙa girma a hankali, ranar da ta kai maƙura sai ƙarfen ya balle gaba ɗaya. Idan sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ce ta balle, takan fasa jikin injin ta fito waje, baƙin mai ya malale a kan kwalta a gaban motocin da ke biye.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A gasar sa'o'i 24 ta Le Mans da aka yi a Faransa a 2010, motocin Peugeot huɗu sun fi na kowa gudu, amma ko ɗaya ba ta kammala ba. Uku daga ciki injinsu ne ya fashe, kuma bincike ya gano cewa wannan sandar ce ta karye. Audi ta kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku.

Shi ya sa kowane injin tsere yake da littafinsa. Ana rubuta nisan da ya yi da sa'o'in da ya yi aiki, idan adadin ya cika sai a sauke shi, ko da lafiyarsa ƙalau.

Aikin awo

Idan inji ya isa gareji, ana kwance shi har ƙusa ta ƙarshe, a wanke komai tas, sannan a fara neman tsaga. Kayan ƙarfe irin su karanshaf ana sa musu maganaɗisu, a watsa musu ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe, sai garin ya taru a bakin tsagar ya tona asirinta. Kayan alminiyam kuwa, da maganaɗisu ba ya kamawa, ana shafa musu wani rini mai shiga tsaga.

Akwai kayan da ba a ma tsayawa bincikensu. Ringi, da bawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai wanda kanikawa ke kira metal, da sifirin na bawul, da ƙusoshin sandar fistin, galibi zubar da su ake yi a sa sababbi.

Daga nan sai awo. Tsakanin karanshaf da metal dole a bar 'yar rata da baƙin mai zai shiga, kimanin milimita 0.05, wato ba ta kai kaurin silin gashin mutum ba. Idan ta yi kaɗan, mai ba zai ratsa ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan ta yi yawa, mai zai zurare, ƙarfin turinsa ya faɗi.

Shi ma ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da fistin, ana barin rata tsakanin bakunansa biyu wadda ba ta kai rabin milimita ba. Zafi yana sa ƙarfe ya buɗe. Idan babu wurin buɗewa, bakunan za su haɗu, ringin ya cije, ya fasa kan fistin.

Ana kuma ɗora fistin takwas ɗin a sikeli ɗaya bayan ɗaya, a rage wa masu nauyi har bambancinsu ya koma ƙasa da giram ɗaya. A irin wannan juyi, ɗan bambancin nauyi yana zama girgizar da ke cin metal.

Abu na ƙarshe kafin haɗawa shi ne goge cikin silinda da wasu duwatsu na musamman. Wannan gugar tana barin ƙananan zane masu gilma juna a jikin bango. Da gangan ake barin su, domin su ne ke riƙe baƙin mai, kuma su ne za su goge sabon ringi har ya zauna daidai. Duk maganar horon inji a kan waɗannan zanen take.

Tashin farko

Mintunan farko sun fi kowane lokaci haɗari, saboda mai bai riga ya zagaya ko'ina ba. Don haka tun wajen haɗawa ake shafa wa kowane wurin guga wani mai mai kauri. Kafin a tayar, ana cire fulogi a juya injin babu wuta har sai agogon mai ya nuna cewa mai ya hau. A injunan tsere da yawa ana ɗumama ruwa da baƙin mai tun daga waje, don ƙarafan su buɗe zuwa girman da aka auna su a kai.

Da zarar ya tashi, ba a barin shi yana aiki a hankali kamar motar da ke jiran fasinja a tasha. A injunan tsohon yayi, inda kamshaf ke gugar ƙarfen da ke danna bawul kai tsaye, ka'idar da maƙeran kamshaf suka saba bayarwa ita ce a riƙe inji tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 na kusan minti 20, ana ɗan ɗagawa ana saukewa. A ƙasa da haka mai ba ya isa wurin sosai, kuma tudun kamshaf na iya cinyewa tun kafin motar ta motsa.

Irin man ma ana zaɓa. Yawancin masu haɗa inji suna fara aiki da baƙin mai na gargajiya, su ajiye na zamani mai tsananin santsi sai daga baya, domin a wannan mataki ana buƙatar 'yar guga. Suna kuma neman mai yawan sinadarin zinki, wanda ke kare kamshaf. An rage wannan sinadari a man motocin zamani saboda yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa.

A lallaɓa ko a matsa?

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur ya san shawarar da ake bayarwa: a bi shi a hankali a kwanakin farko. Shawarar tana da tushe, amma a injin tsere lallaɓawar da ta wuce kima ɓarna ce.

Dalilin yana cikin yadda ringi ke aiki. Taurinsa kaɗai bai isa ya manne shi da bango ba. Iskar da ke fashewa a saman fistin ce ke zagayawa ta bayan ringin, ta tura shi ya manne. Idan aka taka totur inji yana ja, turin yana da ƙarfi, ringi ya gogu da zanen bango ya zauna. Idan aka bar inji yana aiki ba kaya, turin ba shi da ƙarfi, mai ya ƙone a cikin zanen ya cike su, bango ya yi sumul kamar gilashi.

Injin da hakan ta same shi zai riƙa shan mai, yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfinsa kuma ba zai taɓa cika ba. Sau da yawa maganinsa sai an sake buɗewa an sake gugar silinda, wato kuɗi da lokaci sun tafi a banza.

A ɗaya ɓangaren, wanda ya take totur har ƙasa tun inji bai ɗumama ba, zafin gugar sababbin ƙarafa na iya kankare bango ko ya cinye metal.

Abin ya yi kama da horon doki. Wanda aka ɗaure a turke ba ya koyon sukuwa, wanda aka zabura tun ranar farko kuma rauni zai ji. Hanyar da aka saba bi ita ce a ɗora wa inji matsakaicin kaya na ɗan lokaci, a saki totur ya sauko da kansa yana cikin giya, sannan a maimaita. Sakin totur ɗin yana jawo mai zuwa saman bango, ya sanyaya ringi, ya wanke garin ƙarfen da guga ta haifar. A kowane zagaye ana ƙara kaya da juyi kaɗan.

Na'urar gwaji da abin da filta ke faɗa

Inji irin DFV ba a kan titi ake horar da shi ba. Ana ɗaure shi a ɗaki a kan na'urar gwajin ƙarfi da ake kira daino, wadda ke riƙe shi kamar birki, ta ɗora masa nauyin da ake so. Daga bayan gilashi ake duba zafin ruwa da na mai, da ƙarfin turin mai, da yawan iskar da ke kuɓucewa ta gefen ringi. Idan wannan iskar ta ragu ta tsaya a wuri ɗaya, ringi ya zauna. Cikin 'yan sa'o'i an gama.

Masu ƙananan motoci da ke zuwa filin tsere don sha'awa a ƙarshen mako, waɗanda ba su da kuɗin daino, a kan hanya suke yin wannan aiki. Sukan nemi hanya mai hawa da gangara, su guji tafiya da gudu iri ɗaya na dogon lokaci, su yi ɗaruruwan kilomita kafin su kusanci iyakar juyin injin.

Ko ta wace hanya aka bi, ana juye man farko da wuri, a yanka filta a buɗe takardar da ke ciki a ƙarƙashin haske. Ɗan garin ƙarfe mai laushi ba abin damuwa ba ne. Amma idan aka ga ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe, metal ne ya fara cinyewa, dole inji ya koma kan tebur.

Ana kuma hura iska mai ƙarfi cikin kowace silinda ta ramin fulogi a saurara. Idan tana fita ta salansa ko ta mashigar iska, bawul ne bai rufe daidai ba. Idan ta wurin zuba mai take fita, ringi ne.

Ranar farko a fili

Akwai abin da daino ba ya iya gwadawa, wato kwana. Idan mota ta shiga doguwar kwana da gudu, baƙin mai yakan taru a gefe ɗaya na kaskonsa, famfo ya zuƙi iska. Daƙiƙa kaɗan a haka sun isa su kashe sabon metal. DFV yana da tankin mai na daban da famfunan da ke kwashe mai daga ƙasan inji, don haka wannan matsala ba ta cika damunsa ba. Masu motocin gida da aka mayar na tsere kuwa sukan walda shinge a cikin kaskon don mai ya tsaya kusa da bakin famfo.

Saboda haka direba ba ya fita da gudu. Yakan yi zagaye biyu ko uku ya dawo, a buɗe a duba yoyo, a taɓa ƙusoshi, sannan ya sake fita. Babban abin da ake gargaɗinsa a kai shi ne kuskuren sauko da giya. Idan ya sa giyar da ta yi ƙasa da gudun motar, tayoyi ne za su tilasta wa inji ya wuce iyakarsa, bawul ya haɗu da fistin, aikin makonni ya lalace a daƙiƙa ɗaya.

Tsawon rayuwar injin tsere ya danganta da gasar. A tseren gajeren zango na Amurka da ake kira Top Fuel, inda mota ke cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, ana farke inji a sake haɗa shi bayan kowane gudu ɗaya. A Formula 1 kuwa, tun 2004 aka fara tilasta wa direba ya yi ƙarshen mako guda da inji ɗaya, daga baya aka koma ƙayyade masa 'yan injuna kaɗan a duk shekara.

Shi mai tsohon DFV babu dokar da ta fi aljihunsa tsanani. Da zarar motar ta dawo daga fitar farko lafiya, bakanike zai buɗe littafin injin ya rubuta nisan da aka yi. Daga wannan layin ake fara lissafin ranar da za a sake sauke shi.