Ƙwannafi Ga Yaro Ɗan Makaranta: Abin Da Ya Kamata Uba Mai Tafiya Ya Sani

Yau maganar gida za mu yi. Mu nan Briqueterie a Yawunde, yawancinmu muna yin makonni a kan hanyar Ngaundere ko kasuwannin iyakar Chadi da Najeriya. Sai mutum ya dawo ya tarar yaronsa ya rame, ana cewa ƙiwar makaranta yake yi, alhali ƙwannafi ne ke hana shi barci.

Dukkanmu mun san saniya na tuƙa. Abincin da take dawowa da shi baki daga tumbin farko yake fitowa, ba shi da ruwan tsami mai ƙuna. Mutum kuwa cikinsa ɗaya ne, kuma ruwan da ke narkar da abinci a cikinsa yana da zafi ƙwarai. A ƙarshen hanyar abinci akwai wani nama mai tsukewa kamar bakin jaka. In ya saki, sai ruwan nan ya hau sama ya ƙona ƙirji da maƙogwaro.

Yaro ba lalle ya ce "ƙwannafi" ba. Zai ce ƙirjinsa na zafi ko bakinsa na tsami. Wani tari ne da dare, wani dishewar murya da safe, wani kuma ƙin abinci. In abin ya daɗe har haƙora yakan ci.

To, ga inda mu iyaye maza muke da hannu. Unguwarmu ta yi suna da tsire da kilishi, ga al'adarmu ta shigowa gida bayan isha'i da ƙunshin nama mai kitse da yaji a tashi yara su ci. Ga mai wannan ciwo, tsarabar nan wahala ce. A ajiye masa rabonsa sai rana, a cire kitse, a rage yaji.

Kafin mu kama hanya, mu bar wa uwargida wannan tsari:

1. Ya ci abincin dare awa 2 zuwa 3 kafin ya kwanta.
2. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ya cika ciki lokaci guda. A sa masa ɗan abinci ya tafi da shi makaranta.
3. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da katako ko bulo kamar santimita 15. Tara matasan kai ba ya wadatarwa. Kwanciya a gefen hagu na taimakawa.
4. A rage soye-soye, lemon kwalba, cakulan da shayi mai kauri. A lura da abin da ke tayar masa da ciwon, don yara sun bambanta.
5. Kada a sha taba a ɗakin da yake.

Kada a jiƙa masa kanwa, kada kuma a ba shi aspirin ko ibuprofen ba da izinin likita ba, don suna ƙara ƙona ciki. Likita yakan rubuta magani irin su omeprazole na mako 4 zuwa 8, ana sha kafin karin kumallo, sannan a koma ya sake dubawa. Ba maganin da za a yi ta saye a bakin titi ba ne.

In kuwa yaro ya yi aman jini ko kore, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko abinci na maƙale masa, ko yana ta ramewa, kada a jira dawowar maigida. A wuce da shi asibiti nan take. Asibitin uwa da yara na Gidauniyar Chantal Biya, kusa da Hôpital Central, ba shi da nisa da unguwarmu. Saboda haka duk mai tafiya ya bar kuɗin asibiti da izinin fita tun kafin ya ɗaura kaya. A kuma sanar da malamin boko da na allo, kada a doki yaro a kan gyangyaɗin da ciwo ya jawo.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.