Nas Mai Juna Biyu Da Aikin Ɗakin Hoto

Idan babur ya ka da mutum a Gwangwan ta ƙaramar hukumar Rogo, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙarshenta sai an ce a je a yi hoto. Wani a Kano, wani a Shika ta Zariya. Majinyaci ya tsaya gaban na'ura sau ɗaya ya koma gida. Amma nas ɗin da ke riƙe yaro don kada ya motsa, ko take tsaye a ɗakin tiyata ana haska ƙashi, ita kullum tana nan. To, idan tana da juna biyu fa?

Hasken eksire ba a ganinsa, ba a jinsa, ana dai auna shi da ma'aunin da ake kira milisibat. Ƙa'idar duniya ta yarje wa ma'aikaci 20 a shekara. Ɗan da ke ciki kuwa, daga ranar da uwar ta sanar har ta haihu, kada abin da zai same shi ya wuce 1. An fi jin tsoro daga mako na 8 zuwa na 15, lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. A Nijeriya, hukumar kula da harkokin nukiliya ta NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke sa ido a kan wannan.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan kariya ba ta somawa sai mace ta buɗe baki ta faɗa. Mu kuwa mun san halinmu. 'Yar Gwangwan ko Ƙaraye, musamman mai cikin fari, ko uwarta ba ta iya gaya wa, balle shugaban sashe namiji. Sai ta ja bakinta har riga ta matse, alhali makonnin da ake gudu sun riga sun shige. Wata kuma ba kunya ba ce, tsoron a sallame ta ne, musamman a asibitin kuɗi. A ganinmu a nan laifin na masu asibiti ne. Ciki ba dalilin kora ba ne, sauya mata wurin tsayuwa kawai ake bukata, kuma a ba ta wata babba mace da za ta gaya wa a asirce.

Sauran matakan ba su da wuya. Ta sa rigar dalma, ta rataya ɗan ma'aunin nan, ta bar riƙon yara ga wani. Ta ja da baya: in ta ninka tazararta da na'ura, abin da ke isa gare ta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sikanin na masu ciki kuwa sauti ne, babu wannan haske a cikinsa.

Masu goyo, 'yan'uwa, ku kwantar da hankalinku. Eksire ba ya zama a jiki, ba ya shiga nono, kada wata ta yaye ɗanta saboda shi. Inda ake kaffa-kaffa shi ne sashen da ake ba majinyata ruwan aidin mai tururin nukiliya don ciwon maƙoƙo. Shi wannan, in ya shiga jikin uwa ta numfashi ko ta baki, yana fita a nono, don haka mai shayarwa ba a sa ta aikin zuba shi ko kwashe fitsarin wanda ya sha.