Damo: A Gida Ko A Gona?

Da damina, idan shuka ta yi kai, yara sukan je gona su dawo da ɗan damo. Su ɗaure shi a ƙugu da igiya, su ce za su yi kiwonsa. Wannan abu ana ganinsa a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. To, kai uba, idan ɗanka ya kawo damo gida, me za ka ce masa? Bari mu fara sanin ko wane ne damo.

Damo da Guza

Damo da guza 'yan'uwa ne, amma ba ɗaya suke ba. Damo gajere ne, mai kauri, mai faɗin kai. Tsawonsa ba ya cika wuce ƙafa 3, wato kamar mita 1. A tudu yake zaune, cikin rami ko cikin suri ko kogon itace.

Guza ta fi shi tsawo, takan kai ƙafa 6. Ita a bakin ruwa take, kamar tafki da rafi da madatsar ruwa. Tana iyo ƙwarai. Tana da faɗa, tana cizo, tana bulala da wutsiya. Tana cin kifi da kwaɗi da ƙwai, har da 'yan tsaki. Saboda haka guza ba abar kiwo ba ce a gidan da akwai kaji da yara.

Abincin Damo

Damo yana cin fara da gyare da ƙadandoniya da katantanwa, har da kunama. Ku duba da kyau. Yawancin waɗannan su ne masu ɓata shuka ko masu cutar mutum. Ashe damo ɗan ƙodago ne a gonarka, ba ka biyansa ko anini.

Da damina yake cin abinci, ya tara kitse. Idan rani ya shigo sai ya shiga rami, ya yi watanni ba ya cin kome, kitsen nan ne ke riƙe da shi. Ana masa kirari da sarkin haƙuri.

Wahalar Kiwonsa

Damo ba kaza ba ne. Ba ya cin tsaba, ba ya cin tuwo. Sai an kamo masa ƙwari kullum. Jikinsa kuma ba ya ɗumama kansa kamar namu. Dole ya sami rana ya sha hantsi, kuma ya sami inuwa da ƙasa mai laima da zai haƙa ya ɓuya. Damon da aka ɗaure ba ya samun wannan. Igiya ta yanke shi, ya rame, ya mutu. Shirunsa ba jin daɗi ba ne.

Akwai kuma zancen lafiya. A cikin kashin damo da guza da ƙadangare akan sami ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci suna kiranta salmonela. Tana kawo zawo da zazzaɓi. Ta fi tsanani ga jarirai da tsofaffi. Duk wanda ya taɓa damo, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Kada a bar shi kusa da randa ko madafi.

A Wasu Ƙasashe

A Amurka da Turai akwai masu ajiye damo a gida don sha'awa. Ana kamo musu 'ya'yansa daga Gana da Togo da Benin. Sai su sa shi cikin akwati, su kunna masa fitila mai zafi a madadin rana. Duk da haka da yawa sukan mutu da wuri, don ana cika su da nama har kitse ya yi musu yawa. In mai kuɗi da fitila ya kasa, ina ga yaro mai igiya?

A 1973 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Washinton don a kula da fataucin namun daji, kada su ƙare. Nijeriya tana ciki, damo da guza ma suna cikin dabbobin da aka lissafa. A 1985 kuma Nijeriya ta kafa tata dokar. Saboda haka ba a fita da su waje yadda aka ga dama.

Abin da Za Ka Yi

Kada ka doki yaron. Son dabba hali ne mai kyau. Ka zauna da shi, ku dubi damon tare: harshensa mai baki biyu, da faratansa na haƙa. Sa'an nan ku kwance igiyar a hankali, ku mayar da shi inda aka kamo shi. In yaron yana son kiwo, ka ba shi tantabara ko zomo ko 'yar akuya.

Damo a gona riba ne, a gida asara ne.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin damo da guza?
2. Wane amfani damo yake yi wa manomi?
3. Don me za a wanke hannu bayan an taɓa shi?