Rabin Dandalin da Ya Ɓace

A shekarar 1978 wasu likitoci biyu a birnin Milan na Italiya, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti, suka ba da rahoton majinyata biyu da suka samu rauni a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. Dukansu sun san babban dandalin birnin kamar yunwar cikinsu. Aka ce wa kowanne ya ɗauka a ransa yana tsaye a ƙarshen dandalin yana fuskantar babbar majami'a, ya faɗi abin da yake gani. Sai suka jero gine-ginen hannun dama, na hagu kuwa da ƙyar suka ambaci wani. Aka ce to su ɗauka suna bakin ƙofar majami'ar suna kallon inda suka baro. Nan da nan gine-ginen da suka tsallake suka fito a bakinsu, waɗanda suka lissafa ɗazu kuma suka ɓace.

Babu mantuwa a nan, domin dandalin duka yana cikin kansu. Ido ma ba shi da laifi, domin a ɗaki suke. Hoton da maganar likita ta tayar musu a zuci shi ne ya zo a gutsure. To idan mutum ya ji magana sura ta bayyana masa, wane ɓarin ƙwaƙwalwa ne ya zana ta?

Da farko amsar ta yi kamar a fili take. Tun 1861 Paul Broca ya duba wani majinyaci a Faransa wanda “tan” ce kusan abin da yake iya furtawa. Bayan rasuwarsa aka tarar da raunin a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke a Jamus ya nuna wani wuri a ɓarin hagun da idan ya lalace fahimtar magana ke rikicewa. Tunda hagu ya ɗauki harshe, sai aka bar wa dama hoto, majinyatan Milan kuma suka zama kamar shaida.

Matsalar ita ce a lafiyayyen mutum ɓarin biyu ba sa daina saƙo da juna, ta wata gada mai jijiyoyi kimanin miliyan 200. An samu kyakkyawar hanyar tambayar kowanne shi kaɗai sa'ad da likitoci a Kalifoniya, a farkon shekarun 1960, suka riƙa yanke gadar don sauƙaƙa wa masu matsananciyar farfaɗiya. Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka zaunar da irin waɗannan mutane gaban allo, ido a kafe kan ɗigo guda. Duk abin da aka haska a hagun ɗigon ɓarin dama yake tafiya, na dama kuma ya tafi hagu. A haska hoton cokali ta hagu, majinyaciya ta ce ba ta ga komai ba, amma hannunta na hagu ya laluba ya ɗauko cokali.

A 1985 Martha Farah da Stephen Kosslyn da abokan aikinsu suka yi amfani da wannan dabara a kan wani majinyaci da ake kira J.W. Sai a haska masa babban baƙi, a tambaye shi ko ƙaramin baƙinsa dogo ne irin “b” ko gajere irin “a”. Ba ya amsuwa sai an hango harafin a zuci. Ɓarin hagu ya amsa daidai, ɓarin dama, wanda aka ce shi ne mai hoto, ya kasa. Lissafi ya rushe.

Bakin zaren ya fito ne da aka sauya tambaya. Idan aka tambayi ɓarin damansa wanne ya fi girma cikin dabbobi biyu, yana amsawa. Idan aka tambaye shi ko kunnuwan dabbar sun zarce saman kanta, sai ya tsaya. Ashe yana iya tayar da sura dunƙule. Jera gaɓoɓi kowace a muhallinta ne aikin da hagu ya fi shi. Zana hoto a zuci ayyuka ne da yawa da ke gudana tare.

Saura masu lafiya a tsakiyar fahimtar magana. A 2010 Hsu-Wen Huang da Chia-Lin Lee da Kara Federmeier na Jami'ar Illinois suka sanya wa mutane hular da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Kalma ɗaya, misali littafi, wani lokaci a siffanta ta da abin da ido ke gani, kamar kore, wani lokaci da abin da ba a gani, kamar jan hankali. Alamar lantarkin da ake dangantawa da hango sura ta bayyana ne sa'ad da kalmar ta fara isa ɓarin dama. Wato ɓarin da aka cire daga harkar harshe yana cikinta dumu-dumu, shi ke tufatar da kalma da launi da kama.

Da wannan, lamarin dandalin Milan ya warware. Majinyatan sun fahimci umarnin, sun san sunayen gine-ginen, domin ɓarin hagunsu lafiya yake. Abin da ya lalace shi ne ɓarin da ke shimfiɗa fili yana kai hankali kowane gefe.

Sanin wannan yana da amfani a gefen gadon mara lafiya. Wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa wa daman ƙwaƙwalwa sau da yawa bakinsa garau yake, har dangi su ce an tsira. Sai a ga ya cinye rabin abinci ya bar na hagun kwano, ko ya aske gefe ɗaya na gemu. A daina zarginsa da ganganci ko taurin kai. A gaya wa likita, a juya masa kwanon, a riƙa tunatar da shi cikin haƙuri ya waiwaya hagu.