Kafin Ka Tura Hoton Kaza ko Kifi, Saita Launin Kyamararka

Yau ba lissafin abinci ko jadawalin rigakafi na kawo muku ba. Magana ce a kan wayar da ke aljihunku, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe, domin abin ya shafi ran kajinku da kuɗinku.

A yankinmu na Dutsin-Ma da Kurfi, yawancin mai ƙaramin kiwo idan kaza ta yi sanyi ko kifi ya daina cin abinci, abu na farko da yake yi shi ne ya ɗauki hoto ya tura wa likitan dabbobi ko wani tsohon hannu ta WhatsApp. Haka nan ciniki: mai saye yana Katsina, kai kana Dutsin-Ma, tafiyar kusan kilomita 60 ce tsakaninku ta hanyar Kurfi, sai ya ce "turo hoto in gani." To hoton nan shi ne idon likita, shi ne idon mai saye. Idan launin da ke cikinsa ba gaskiya ba ne, shawarar da za a ba ka ma ba za ta zama daidai ba.

ME YA SA LAUNI YAKE DA MUHIMMANCI A KIWO?

Duk wanda ya daɗe da kaji ya san rabin alamun cuta launi ne. Zankon kaza mai lafiya ja ne jawur. Idan ya koɗe ya yi fari-fari, ana zargin ƙarancin jini, tsutsar ciki ko koksidiyosis. Idan ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi ko shunayya, hankali yana tashi, domin wannan na cikin alamun murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Kashi ma haka: kore mai ruwa yana sa a tuna da cutar Niyukasil, fari mai ruwa a ƙananan kaji yana sa a tuna da Gumboro, mai jini-jini kuwa koksidiyosis.

A wajen kifi, ɗaga murfin da ke gefen kan tarwada ka duba naman da take numfashi da shi. Ja mai haske lafiya ce. Idan ya koɗe ko ya yi ruwan ƙasa, akwai matsala a jikinta ko a ruwan. Shi kansa ruwan tafki ana karanta shi da launi: kore mai sauƙi daban, kore mai kauri kamar miyar kuka daban, ruwan ƙasa daban.

Yanzu ka yi tunani wayarka ta ƙara wa hoton shuɗi ko rawaya ba tare da saninka ba.

A daminar da ta wuce wani matashi daga wajen Kurfi ya turo mini hoton kajinsa masu ƙwai, hankalinsa a tashe, domin wasu da ya nuna wa hoton sun ce masa zankonsu ya yi duhu, ya sayar da su da wuri kafin su fara mutuwa. Da na duba da kyau sai na ga har bangon ɗakin da farin bokitin ruwansu sun yi shuɗi. Na tambaye shi me ya rufe gefen ɗakin da shi saboda ruwan sama, ya ce shuɗin tamfol. Na ce ya ɗauko kaza ɗaya ya fito da ita fili, ya ajiye farar takarda kusa da ita ya sake ɗauka. Zanko ja, lafiya lau. Da ya bi hoton farko, da kaji masu tsakar yin ƙwai sun tafi kasuwa a farashin gaggawa.

HASKE MA YANA DA LAUNI

Idonmu yana da wata baiwa. Farar riga fara muke ganinta da rana, fara muke ganinta da dare a gaban fitila, domin ƙwaƙwalwa tana gyara mana. Kyamara ba ta da wannan baiwar, hasashe take yi. Wannan hasashen shi ne abin da za ka ga an rubuta AWB a wayarka, wato waya ta daidaita fari da kanta. Yawanci tana ƙoƙarin mayar da jimlar launin hoton tsaka-tsaki. A fili da rana tana dacewa. Amma idan launi ɗaya ya cika hoton, kamar shuɗin tafkin tamfol, ko ɗaruruwan 'yan tsaki rawaya, ko jan bangon ƙasa, sai ta rikice ta yi gyaran da ba a tambaye ta ba.

Domin a gane ma'aunin, ku tuna da maƙera. Idan maƙeri ya sa ƙarfe a wuta ana zuga, da farko ja yake yi, sai ruwan lemu, sai rawaya, idan zafi ya yi tsanani ya yi fari. Da za a iya ci gaba da ƙara zafin, da ya koma shuɗi-shuɗi. Da wannan ne masana suke auna launin haske, suna kiransa zafin launi, kuma lambar da ake amfani da ita ita ce Kelbin, ana rubuta ta da harafin K. Sunan ya fito ne daga William Thomson, malamin Jami'ar Glasgow da aka fi sani da Lord Kelvin, wanda ya gabatar da ma'auninsa na zafi a 1848. Ƙaramar lamba haske ne mai ja ko rawaya, babbar lamba haske ne mai shuɗi.

Ga lambobin da suka shafe mu, a kimance:

• Kyandir ko fitilar kananzir: 1,900K zuwa 2,000K
• Ƙwan lantarki mai zare, irin wanda ake ɗumama 'yan tsaki da shi: 2,700K
• Ƙwan LED da aka rubuta Warm White a kwalinsa: 2,700K zuwa 3,000K
• Rana tana fitowa ko tana shirin faɗuwa: 3,000K zuwa 4,000K
• Rana tsaka, sama garau: 5,200K zuwa 5,600K
• Ranar da hadari ya rufe sama: 6,000K zuwa 6,500K
• Ƙwan LED da aka rubuta Daylight, irin yawancin fitilun sola: 6,500K
• Inuwa, kamar gindin bango ko bakin ɗakin kaji: 7,000K zuwa 8,000K

Idan kana da kwalin ƙwan fitilarka, duba jikinsa, sau da yawa lambar tana nan a rubuce. Shi ke nan an rage maka aiki.

YADDA AKE SAITAWA

Buɗe kyamara ka nemi inda aka rubuta Pro. A wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Samsung yana cikin jerin da ke ƙasa ko a ƙarƙashin More. Idan ka shiga za ka ga WB, danna shi. Wasu wayoyin za su ba ka layin lambobi da K ka ja hagu ko dama. Wasu kuma hotuna kawai za su nuna maka: ƙwan fitila, rana, gajimare. Ƙwan fitila wajen 3,000K yake nufi, rana wajen 5,500K, gajimare wajen 6,500K. Idan wayarka ba ta da Pro, akwai manhajar Open Camera, kyauta ce a Android, tana ba da zaɓin nan, kuma a wayoyin da suka yarda har lambar za ka iya ja da hannu.

Ga wurin da yake rikita mutane, ku natsu a nan. Lambar da ka sa, kana gaya wa waya ne launin hasken wurin, ita kuma sai ta zuba kishiyarsa don ta kashe shi. Idan ka sa 2,700K, ka ce mata hasken nan rawaya ne, sai ta ƙara shuɗi. Idan ka sa 7,500K, ka ce mata hasken shuɗi ne, sai ta ƙara rawaya. Saboda haka dokar a aikace mai sauƙi ce: hoto ya yi rawaya, rage lamba. Hoto ya yi shuɗi, ƙara lamba.

Alƙalinka kuwa farar takarda ce. Ni a ɗakin ajiyar abinci nake rataye farin kwali guda, ba ya da wani aiki sai wannan. Ka ajiye shi daidai inda kazar ko kifin yake, hasken da ke dukansu ya dake shi, sannan ka riƙa jan lambar har sai farin da ke fuskar waya ya yi daidai da farin da ke gabanka. Da ka samu, ka ɗauka. Idan likita za ka tura wa, bar gefen takardar a cikin hoton, don shi ma ya auna da idonsa.

Kafin duk wannan, abu uku. Goge gilashin kyamara, ƙurar dusa tana sa hoto ya yi hazo. Kashe duk wani tace-hoto da saitin ƙawata fuska, domin suna ƙara wa launi ƙarfi. Sannan ka duba ko ka kunna saitin kare ido, wanda ke sa fuskar waya ta yi rawaya da dare. Idan yana kunne, idonka zai ga rawayar da babu ita a hoton, ka yi ta rage lamba har ka ɓata shi.

WURAREN DA SUKA FI BA MU WAHALA

Ɗakin 'yan tsaki. Idan ƙwan lantarki mai zare ne, fara da 2,700K. Idan jan ƙwan ɗumi ne, kada ka ɓata lokaci, babu lambar da za ta gyara shi, domin kusan ja kaɗai yake fitarwa. Ɗauko ɗan tsakon ka kai shi bakin taga, ka ɗauka da sauri ka mayar kafin sanyi ya kama shi.

Haske biyu a wuri ɗaya. Rana tana shigowa ta raga, fitila kuma tana kunne a ciki. Lamba ɗaya ba ta iya gyara biyun, gefe ɗaya zai yi daidai ɗayan ya karkace. Kashe fitilar ka bar rana, fara da 6,500K tunda a inuwa kake, ka ƙara idan da saura.

Tafkin tamfol. Shuɗin yana komawa jikin kifi da ruwan. Idan kifi kake son nunawa, kamo shi ka sa a farar roba, ka matsa nesa da tafkin. Idan ruwan ne, ɗebo a farin bokiti ko kwalba mai haske ka ɗauka a fili. Haka ma ƙarƙashin bishiyar darbejiya ko koren raga, kore suke zubawa, shi kuma ma'aunin Kelbin tsakanin rawaya da shuɗi kawai yake aiki. Maganinsa ka fito daga ƙarƙashin.

Lokacin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka, hasken yana canzawa daga rana zuwa rana. Kada ka ce jiya 5,500K ta yi mini. Kullum ka sake gwadawa da takardarka.

GA MASU SAYARWA

Masu kifi a nan suna da abokin gasa babba. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, tana nan kusa da Dutsin-Ma, kuma mutanen yankin sun san kamannin kifi mai kyau, ɗanye ko banda. Ga kuma kasuwar da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta buɗe tun kafa ta a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita: ɗalibai da ma'aikata, mutanen da a waya suke yin oda. Bandar tarwada mai kyau ruwan zuma take. Ka ɗauke ta da dare ƙarƙashin fitilar sola waya tana hasashe, sai ta fito toka-toka kamar ta kwana biyu, a taya ta da arha. Ka sa 6,500K, ko ka jira gari ya waye ka ɗauka a bakin ƙofa, launinta na gaskiya ya fito.

Amma fa wuƙar nan baki biyu gare ta. Wanda ya gane lambobin zai iya tura K sama da gangan, gwaiduwar ƙwai ta yi ruwan lemu, banda ta yi ƙyalli. Wannan algus ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da mai shayi ya fasa ƙwan a gaban kwastomominsa ya ga ba haka ba, ka rasa shi ke nan, kuma zai gaya wa na kusa da shi. Launin gwaiduwa daga abinci yake zuwa. Kazar da ke cin farar masara ko dawa gwaiduwarta tana koɗewa, mai cin jar masara da ɗan garin ganyen zogale tata tana ƙara launi. Idan gwaiduwa mai launi kake so, gyara abincin, ka bar kyamara ta faɗi gaskiya.

TUNATARWA

Hoto komai kyansa ba ya maye gurbin likita ya zo ya gani da idonsa. Cututtuka da yawa alamunsu suna kama da juna, wasu sai an kai samfuri ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ka tsaya neman lamba, kada ka taɓa mushen da hannu tsirara, kada ka kai sauran kasuwa. Sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa nan take.

Aikin gida na wannan makon: ka ɗauki ƙwai ɗaya da farar takarda, ka yi musu hoto uku a wuri guda, ɗaya a 3,000K, ɗaya a 5,500K, ɗaya a 7,500K. Ka jera su ka duba. Daga nan ka zagaya ɗakin kajinka da bakin tafkinka, safe da yamma, ka rubuta lambar da ta dace da kowane wuri a bangon ɗakin ajiya, kusa da jadawalin rigakafi. Ranar da larura ta taso, ba sai ka tsaya lalube ba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kiwo.